Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A unguwannin masu hali na manyan biranen ƙasar nan, kamar Ikoyi da Lekki a Ikko, da Maitama da Asokoro a Abuja, da tsofaffin unguwannin Turawa na Fatakwal da Kaduna, tafkin iyo ya zama abin da ake ginawa tare da gida, kamar yadda ake gina garejin mota. Mai gida yakan kashe kuɗi masu yawa, a haƙa rami, a zuba kankare, a manna shuɗin tayil, a cika shi da ruwa garai-garai, sa'an nan a kira 'yan'uwa da abokan arziki su zo su sa albarka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wanda zai kula da ruwan bayan taro ya watse. Sau da yawa nauyin yakan faɗa kan mai gadi ko mai ban ruwan furanni, a miƙa masa bokitin wani farin gari mai warin gaske, a ce ya riƙa zubawa, ba awo, ba bayani. Da yake kuwa da yawa daga cikin masu irin wannan aiki a Kudu da Abuja 'yan Arewa ne, batun ya shafi mai tafki, ya kuma shafi wanda ko kwatarniya ba ya da ita a ɗakinsa.

Abin da yakan biyo baya sananne ne. Mai gida ya yi tafiyar mako biyu da iyalinsa, aka yi ta ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, injin da ke juya ruwan ya tsaya, aka kuma tafka ruwan sama sau biyu ko uku. Ranar da ya dawo sai ya tarar da tafkin ya zama kore shar kamar miyar kuka, bangonsa yana santsi, kwaɗi sun tare a ciki. Nan take faɗa ya tashi, a ɗora wa yaron gida laifin lalaci, ko a zargi mai sayar da magani da sayar da jabu. Alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Kowane koren tafki yana da dalili, dalilin kuma ana iya auna shi da 'yan kayan awon da kuɗinsu bai kai na man janareta na kwana biyu ba.

KULORIN DA AIKINSA

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ne ya fara fitar da iskar kulorin a shekarar 1774. A 1810 Humphry Davy na Ingila ya tabbatar cewa sinadari ne mai zaman kansa, ya raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin kore-kore, saboda launin iskar. A 1908 birnin Jersey City na Amurka ya fara zuba shi kullum a ruwan shan jama'a, sauran birane suka bi sahu, zazzaɓin taifod kuwa ya ragu ƙwarai a duk inda aka yi haka. Wannan sinadarin da ke tsare ruwan famfo shi ne dai ke tsare ruwan tafki.

Idan kulorin ya narke a ruwa yakan rikiɗe ya zama wani ɗan asid mai rauni, wanda ke huda jikin ƙwayar cuta ya ƙone ta. Sai dai a bakin aikin nan yake ƙarewa, domin duk abin da ya ƙone ya tafi da wani kaso nasa. Saboda haka abin lura shi ne yawan wanda ya rage a ruwan bai yi aiki ba tukuna, wato kulorin mai rai. Ana so a same shi tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace litar ruwa, dare da rana. A jikin kayan awo akan rubuta wannan ma'auni da haruffan ppm. Abubuwa uku ne ke cinye shi. Na farko rana, wadda haskenta ke iya lalata mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i idan ba shi da kariya. Na biyu datti: ganyen mangwaro da na darbejiya, ƙurar hunturu, kashin tsuntsaye, gumi, man shafawa da fitsarin yara. Na uku zafi, domin a bazara, sa'ad da ruwa ya ɗumama, ƙwayoyin cuta da gansakuka sun fi saurin hayayyafa, kulorin kuma ya fi saurin ƙarewa.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare. Idan tafki ya yi wari mai hawa kai, yara suka fito da jajayen idanu, sai a ce magani ya yi yawa, a dakatar da zubawa. Galibi akasin haka ne. Warin nan na kulorin da ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ne, wanda masana ke kira kuloramin. Ƙarfinsa na kashe cuta kaɗan ne, shi ne kuma ke sa yajin ido da tari. Tafkin da ke da isasshen kulorin mai rai kusan ba ya wari. Maganin warin shi ne a ƙara kulorin da yawa a lokaci ɗaya ya ƙone wancan, a kuma tilasta wa kowa ya watsa ruwa a jikinsa kafin ya shiga, a riƙa fitar da ƙananan yara zuwa ban ɗaki loto-loto.

TSAMI DA KANWA

Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar da yakuwa ta yi wa yawa ta san cewa tsami da kanwa abokan gaba ne, ɗaya yana karya ɗaya. Masana suna auna wannan da ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da ita ɓangaren tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Ruwan tafki ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Dalili kuwa shi ne ƙarfin kulorin ya dogara ga wannan lamba. A kan 7.5, kimanin rabin kulorin da ke cikin ruwan ne ke cikin siffarsa mai kaifi. Idan lambar ta hau 8, abin da ya rage mai kaifi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wato mutum yana iya zuba magani kullum, awo ya nuna akwai shi, amma gansakuka ta ci gaba da yaɗuwa, domin wuƙar tana nan, kaifinta ne ya dakushe. Idan kuma lambar ta sauka ƙasa da 7, ruwan ya fara cin ƙarfen inji da simintin da ke tsakanin tayil. Ana sauke lambar da asid ɗin tafki, ana ɗaga ta da garin soda, kaɗan-kaɗan, ana yi ana awo.

Kulorin da ake sayarwa a kasuwa iri uku ne. Akwai farin gari mai tsaki-tsaki, wanda aka fi sani da sunan HTH, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin 100. Akwai na ruwa, ɗan'uwan bilicin wanki, sai dai ya fi shi ƙarfi, kuma ba ya jure ajiya a wuri mai zafi. Akwai kuma manyan ƙwayoyi masu faɗin tafin hannu, waɗanda ake sawa cikin ɗan kwando mai yawo a kan ruwa su riƙa narkewa a hankali, ƙarfinsu kimanin kashi 90 cikin 100. Su waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da wani sinadari mai suna siyanurik asid, wanda ke zame wa kulorin laima daga rana. A ƙasa mai rana irin tamu laimar nan tilas ce, ana kuma son ta tsakanin miligiram 30 zuwa 50 a lita. Amma tana da wani hali: kulorin yana ƙarewa, ita kuwa tana nan tana taruwa. Wanda ya shekara yana amfani da ƙwayoyi kaɗai zai wayi gari laimar ta yi kauri har ta danne kulorin ya kasa aiki. Hanyar rage ta ita ce a zubar da wani kaso na ruwan a ƙaro sabo. Sai dai a wuraren da ruwan ƙasa yake kusa, kamar Lekki da Fatakwal, kada a kwashe tafki ƙarƙaf ba tare da shawarar magini ba, domin ruwan da ke ƙarƙashi yana iya tura kankaren sama ya tsage.

AWO DA LISSAFI

Kayan awo ɗan akwati ne mai ƙananan kwalabe biyu. A ɗebo ruwa daga zurfin gwiwar hannu, nesa da inda inji ke feso ruwa. A kwalba ɗaya a jefa ƙwayar awon kulorin, ruwan ya yi ja-ja gwargwadon yawansa. A ɗayar a ɗiga maganin awon pH, sa'an nan a gwada launukan da na jikin akwatin a wuri mai haske. Ya kamata a yi haka kullum da yamma, ko aƙalla sau uku a mako, a rubuta a ɗan littafi. Wani abin lura shi ne idan kulorin ya yi yawa ƙwarai yakan goge launin ƙwayar awon, ruwan ya fito fari kamar babu komai a ciki. Wanda ya ga haka washegarin zuba magani mai yawa, sai ya surka ruwan gwajin da ruwan da ba shi da kulorin ya sake awo, kafin ya ƙara ko cokali ɗaya.

Kafin a san yawan maganin da za a zuba, sai an san yawan ruwan. A ninka tsawo da faɗi da matsakaicin zurfi. Alal misali, tafki mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1.5, yana cin lita 48,000. Don a ɗaga kulorin da miligiram 1 a lita a irin wannan tafki, ana bukatar giram 48 na tsantsar kulorin, wato kimanin giram 74 na farin gari mai ƙarfin kashi 65. Duk wanda ya riƙe wannan lissafi, ya kuma sayi ɗan sikelin kicin ya keɓe shi don wannan aiki, ya rabu da zuba magani da ka.

GANSAKUKA

Irin gansakuka ba ya rabuwa da iska da ƙura da ruwan sama, kullum yana faɗawa cikin tafki, kulorin yana kashe shi tun bai kama ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwana biyu kacal na rashin kulorin da rashin motsin ruwa sun isa, musamman idan ruwan sama ya wanko takin zamani daga ciyawar lambu ya zuba a ciki, domin abin da ke ciyar da masara shi ke ciyar da gansakuka. Iri uku aka fi gani. Koriya ita ce mai saurin yaɗuwa, ita ce kuma mai sauƙin kashewa. Rawaya takan lafe a gefen da ke da inuwa kamar an watsa yashi, a share ta yau ta dawo gobe. Baƙa kuwa ɗige-ɗige ce a jikin siminti, tana da ɓawon da magani ba ya ratsawa sai an kankare shi da buroshi mai tauri.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Agusta na 2016, lokacin wasannin Olamfik a birnin Riyo na ƙasar Barazil, tafkin gasar tsalle cikin ruwa ya koma kore a gaban idon duniya. Masu shirya wasannin suka bayyana daga baya cewa an zuba wani sinadari ne, haidurojin feroksaid, wanda ya kashe ƙarfin kulorin, har sai da aka kwashe ruwan babban tafkin da ke kusa da shi aka zuba wani.

Kafin a fara magani, a tabbata gansakuka ce. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da dama na Kudu yana ɗauke da narkakken ƙarfe, wanda ba a ganinsa sai ya haɗu da kulorin, ruwan ya koma launin shayi ko kore-kore nan da nan. Alamar bambanci ita ce koren gansakuka yana da duhu da gurɓata da santsin bango, na ƙarfe kuwa ruwan yakan canza launi jim kaɗan bayan zuba magani, bango kuma ba ya santsi. Wannan tacewa yake bukata da maganin kama ƙarfe; ƙarin kulorin ba ya raba shi da launin.

Idan gansakuka ce, ga yadda ake bi da ita. A fara tsame ganye da duk wani tarkace da raga, domin kada magani ya ƙare a kansu. A auna pH a sauke shi zuwa 7.2. A goge bango da ƙasa da matakala da buroshi, har lungunan da ido ba ya kaiwa. Bayan faɗuwar rana, a cika bokitin roba da ruwa, a zuba farin gari a ciki a motsa da sanda, sa'an nan a zagaya tafkin ana tsiyayawa, inji yana aiki. Abin da ake nema shi ne kulorin ya kai aƙalla miligiram 10 a lita, wato kimanin giram 740 ga tafkin misalin nan na sama; idan koren ya yi duhu ko laimar ta yi yawa, sai an ninka. Daga nan inji ba zai tsaya ba dare da rana, ko da janareta ne, kuma safe da yamma ana awo ana cike abin da ya ragu. Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa: su zuba sau ɗaya, su ga ruwa ya fara washewa, su saki jiki, bayan kwana uku koren ya dawo, kuɗin magani ya tafi a banza.

Alamar nasara ita ce ruwan ya bar kore ya koma fari-fari kamar an tsiyaya madara, wato gansakukar ta mutu, saura kwashe gawarta. Wannan aikin matatar yashi ne, kuma duk sa'ad da allurar agogon matatar ta hau sama da inda ta saba tsayawa, sai a juya ruwan ya bi ta baya ya wanke yashin, a zubar da dattin waje. Mai gaggawa yana iya narka alam, wanda waɗansu ke kira alif, ya zuba, ya kashe inji ruwan ya kwana, da safe a zuƙe laka daga ƙasa a zubar kai tsaye ba ta cikin matata ba. Gwajin ƙarshe shi ne a auna kulorin bayan magariba, a sake aunawa kafin fitowar rana. Idan abin da ya ragu bai wuce miligiram 1 ba, ruwan kuma ya washe, to an gama. Kada kowa ya shiga sai kulorin ya sauko ƙasa da 5, kuma ana ganin ƙasan tafkin sarai daga bakinsa.

ABIN DA YA FI KUƊI

Hakkin wanda ke riƙe da bokitin yana wuyan mai gida. Idan kulorin ya haɗu da asid yakan saki iska mai guba, irin wadda sojojin Jamus suka saki a fagen fama na Ypres, ƙasar Beljiyam, a watan Afrilu na 1915. Saboda haka ba a haɗa su a bokiti ɗaya, ba a ɗebe su da moɗa ɗaya, ba a zuba su a tafki a lokaci ɗaya. A bar 'yan sa'o'i tsakani, inji yana juya ruwan. Farin gari da manyan ƙwayoyi ma ba a gauraya su, domin suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Kullum magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. A ajiye su a rufe, a busasshen wuri mai iska, nesa da fetur da gas da ɗakin janareta, kuma ba a ɗakin da mai gadi ke kwana ba. A saya wa ma'aikaci safar hannu ta roba da tabarau. Idan magani ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa har minti 15. Wanda ya shaƙi iskar a fitar da shi sarari a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja.

Kulorin ma yana da iyaka. Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta nuna cewa yawancin ƙwayoyin cuta suna mutuwa cikin 'yan mintoci a ruwan da aka kula da shi, amma akwai wata mai sa gudawa, kiriftosiforidiyam, da ke iya rayuwa fiye da mako guda. Don haka mai gudawa, babba ko yaro, ba shi da wurin zama a tafki sai ya warke sarai.

Tafkin da aka yi watsi da shi kuwa masifa ce ga unguwa baki ɗaya. Sauro yakan tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10 a lokacin zafi, kuma ba ya tsayawa a katangar gidan da aka haife shi. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 da 2024 sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro yakan nutse ba ihu ba fantsama, idan kuma ruwan kore ne, ana iya zagaya tafkin ana kiran sunansa alhali yana ƙasa. Shinge mai tsayin aƙalla mita 1.2 ta kowane ɓangare, da ƙofa mai rufe kanta, da idon babba a duk lokacin da yara ke kusa, sun fi kowane tayil muhimmanci.

Abin da tafki ke nema a kullum bai taka kara ya karya ba: awo da yamma, tsame ganye, inji ya yi aikin sa'a 8 ko abin da zai isa ruwan duka ya ratsa matata, goge bango sau ɗaya a mako, da ƙarin magani bayan ruwan sama mai ƙarfi ko taron yara. Mai shirin tafiya ya bar man janareta, da magani a aune, da ɗan littafin awo a hannun wanda aka zaunar aka koya wa aikin, a kuma biya shi ladan wannan ƙarin nauyi. Wanda kuwa ya ga aljihunsa ko lokacinsa ba za su iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, gara ya nemi magini a rufe tafkin da murfi mai ƙarfi, ko a cike ramin da ƙasa a shuka lemo da gwaiba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya kiyaye yaranmu da na maƙwabta.